Mene ne sake gina tsohuwar mota da sauya mata inji?

Sake gina mota daga tushe shi ne a warware ta kaf, har gangar jiki ta tsaya tsirara, sannan a mayar da kowane ƙarfe bayan an gyara ko an musanya shi. Sauya inji kuwa shi ne a ɗora mata wanda ba da shi ta fito ba.

Ɗauki Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Aikin farko ba inji ba ne, tsatsa ce. A duba ƙasan mota, a yi walda, sannan fenti. Kafin a kwance komai a ɗauki hotonsa, a ware kusoshi a leda da suna, domin wata shida nan gaba ba mai tuna mazauninsu.

Sabon inji yana jan wasu canje-canje: mazauninsa, akwatin giya, lagireto, wayoyi. In ƙarfinsa ya ƙaru, wajibi ne a inganta birki. Ganganci ne a tsallake wannan.

Mai mota zai kuma gyara takardunsa, tunda lambar inji ta canja.