Muryoyin da Ke Ƙarƙashin Ruwan Baturiya

Jihar Jigawa ba ta da gaɓar teku, amma tana da dausayin Baturiya a Kiri Kasamma, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2008. Masunta sun san gurnanin kurungu, wanda yake yi ta hanyar goga ƙayarsa cikin gurbinta. Sauti kuwa yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ninki huɗu na gudunsa a iska. Da makirfon ruwa, irin wanda Jana Winderen ta ƙasar Norwe ke naɗar muryoyin teku da shi, har kumfar da ciyayi ke saki akan ji. Sai dai tun gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin kifi.