Daga Santambul zuwa Yama: ginin Turkawa a bakin matafiya

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, da wuya gidan alhaji ya rasa hoton koriyar ƙubbar Masallacin Annabi (SAW) a bango. To, ko kun san aikin Turkawa ce? Sarkin Daular Usmaniyya, Mahmud na biyu, shi ya sake gina ta a 1818, anka shafa mata koren launi a 1837. Tashar jirgin ƙasa ta Madina, wadda anka buɗe a 1908, ita ma tasu ce.

Tun kafin zuwan hoto, matafiya ne idon mutane. Ibn Battuta, mutumen Tanja ta Maroko, ya zaga ƙasar Turkawa wajen shekarun 1330. Ya yaba kasuwannin Bursa da maɓuɓɓuganta na ruwan zafi. Ya kuma ba da labarin gidajen baƙi na ƙungiyoyin samari masu sana'a, shimfiɗe da dardumai, ga fitilu, baƙo ya ci ya kwana ba ko dala. Da ya isa birnin da muke kira Santambul, yana hannun Kirista tukuna, sai a 1453 Turkawa sunka ci shi. Don haka Aya Sofiya daga waje ya tsaya ya kalle ta, bai shiga ba. Shi wannan bawan Allah, a 1353 ya taka ƙasarmu, ya sauka Takadda, can yankin Agadas.

A ƙarni na 17 kuma, Evliya Celebi, ɗan Santambul, ya cika littafi goma da labarin tafiye-tafiyensa. Ciki ya siffanta masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557: babbar ƙubba a tsaka, ƙanana na tallafe da ita, ga dogayen hasumiyoyi huɗu.

Mi ya sa munka ɗauko zancen? Don gini na faɗuwa. A 2002 an rushe ganuwar Ajyad da Turkawa sunka gina a Makka, yau doguwar hasumiyar agogo ce a wurin. Sai hoto da bakin waɗanda sunka gan ta.

Mu ma muna da abin nunawa. A Yama, cikin gundumar Illela, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962. Daga baya ya ɗora rufi bisa bakan gizo, da tulluwa a tsaka, da hasumiya huɗu, kowace da kamarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Amma kun san halin laka: in babu yaɓe, damina ba ta da sabo.

Saboda haka, matasa, ku zauna da tsofaffin alhazanmu tun suna da rai, ku naɗi abin da sunka gani a waya. In anka kira gayyar yaɓe kuma, kar a bar wa dattawa.