Yadda Wata 'Yar Halitta Ke Yi Wa Teku Taki Daga Iska

Duk manomin da ya san aikinsa a ƙasar Hausa ya san cewa gonar da aka shuka wa gyaɗa ko wake bana, in aka zuba mata gero ko dawa baɗi, takan yi albarka fiye da wadda aka yi ta noman hatsi a cikinta shekara da shekaru. Kakanninmu sun san haka tun kafin zuwan malaman gona. Dalilin abin kuwa bai fito fili ba sai a cikin shekarar 1886, sa'ad da wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar dangin wake gidaje ne na wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. To, irin wannan aiki ne ake yi dare da rana a tsakiyar manyan tekuna na yankuna masu zafi, kuma a kansa ne abincin kifaye masu ɗimbin yawa ya rataya.

Babu wani mai rai, tsiro ne ko dabba, da zai iya gina jikinsa ba tare da naitirojin ba. Allah kuwa ya wadata duniya da shi, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma yana nan narke cikin ruwan teku. Amma ga ƙoshi ga kwanan yunwa, gama a cikin iska ƙwayoyin zarrarsa biyu-biyu suke, an ɗaure su da ɗauri mai tsananin ƙarfi wanda tsiro da dabba ba su iya kwancewa. Ko ɗan Adam da ƙyar yake kwance shi a masana'anta, da dabarar Fritz Haber da Carl Bosch ta 1913, wadda har yau da ita ake yin takin zamani, ana amfani da zafi na digiri 400 zuwa 500 da matsin iska mai tsanani. Wannan aiki shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke yi a cikin ruwa mai ɗumi kawai, da taimakon wani sinadari na jikinsu mai suna naitirojinas.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa teku ke bukatar taki. Tushen abincin teku duka wasu ƙananan tsirrai ne dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su kuwa ba su rayuwa sai inda hasken rana ke kaiwa, watau a saman ruwa, mita 100 zuwa 200. Wani kaso na abin da ya mutu a can sama nutsewa yake yi, ya tafi ƙasa da takin da ke jikinsa. A yankuna masu zafi ruwan sama yana da ɗumi, ba shi da nauyi, saboda haka yakan zauna bisa ruwan ƙasa mai sanyi kamar yadda mai ke zama bisa miya, ba su cika gaurayuwa ba. Akwai wurare kaɗan inda iska ke ture ruwan sama, na ƙasa ya taso da takinsa, kamar gaɓar Peru, da ta Namibiya, da ta Muritaniya da Senegal, da kuma ta Ghana a tsakiyar damina. Waɗannan su ne matattarar masunta. Amma in aka nausa tsakiyar teku sai a tarar da ruwa shuɗi garau, kuma wannan tsabtar tasa alama ce ta talauci.

A cikin wannan fatara ne wata 'yar halitta mai suna Tirikodesmiyam ke rayuwa. Siffarta kamar zare ce, zaruruwan kan haɗu su yi ɗan dami wanda da ƙyar ido ke ganinsa, kuma ta fi son ruwan da zafinsa ya wuce digiri 20. In teku ta kwanta sai ta taso sama ta rufe ruwa, har taurarin ɗan Adam su hango ta. Kyaftin James Cook ya gan ta kusa da Ostareliya a cikin 1770, matuƙan jirginsa suka kamanta ta da garin katako. Wani Bajamushe, Ehrenberg, ya sa mata suna a cikin 1830 bayan ya gan ta a Bahar Maliya, Charles Darwin kuma ya ci karo da ita a gaɓar Birazil a cikin 1832. Duk da haka ba a gane aikinta ba sai a cikin 1961, lokacin da Richard Dugdale da abokan aikinsa suka gwada ta a Tekun Sargaso da ke cikin Atlantika, suka ga tana kamo naitirojin. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Daga baya an gano ba ita kaɗai ce ba. Akwai wadda ke aikinta da dare, akwai kuma wadda ke zaune cikin jikin wasu ƙananan tsirrai, kamar yadda ta wake ke zaune cikin saiwa, ana samunta da yawa inda ruwan Kogin Amazon ke malala cikin teku. A cikin 2024 ma an tabbatar cewa wani ɗan tsiron teku ya riga ya mai da irin wannan ƙwaya wani sashe na jikinsa. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan halittu gaba ɗaya suna zuba wa teku naitirojin tan miliyan 100 zuwa 200 a kowace shekara.

Hanyar da takin ke bi ya kai ga kifi ba miƙaƙƙiya ba ce. Tirikodesmiyam tana da guba, don haka ƙwarin ruwa kaɗan ne ke cin ta, cikinsu har da wani ɗan ƙwaro dangin jatan lande wanda ke kiwo a kanta, yana kuma renon 'ya'yansa a jikinta. Sai dai tana zubar da kaso mai yawa na takin da ta kamo a cikin ruwa tun tana raye, in ta mutu kuma sauran ya watse. Ƙananan tsirrai su sha, ƙwarin ruwa su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, sa'an nan manya irin su kifin tuna su ci ƙanana. A kowane mataki kimanin kashi 1 cikin 10 ne ke wucewa gaba. Ke nan kilo 1 na naman tuna irin wanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Tema da Abijan ya ci kimanin kilo 1,000 na ƙananan tsirrai. A wata tashar bincike da ke arewa da Hawayi, inda ake awon teku tun 1988, an ƙiyasta cewa abin da ya kai rabin sabon takin da saman ruwa ke samu daga iska yake fitowa.

Sai dai ita ma wannan halitta tana da tata bukatar. Sinadarin naitirojinas ba ya ginuwa sai da ƙarfe, ƙarfe kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai a ruwan tsakiyar teku. A nan ne ƙasashenmu suka shigo cikin labarin. Hazon nan na hunturu da ke rufe mana gari, yana hana jiragen sama sauka, yana ɗauke da ƙarfe da fosfaras. Babbar mahaifarsa ita ce kwarin Bodele da ke arewa maso gabas da Tafkin Cadi, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne. Wani awo da aka yi da tauraron ɗan Adam, aka buga a cikin 2015, ya nuna cewa ƙura kimanin tan miliyan 182 ke ƙetare gaɓar yammacin Sahara a shekara, kaso mai yawa kuma a cikin Atlantika take zuba. Shi ya sa Tirikodesmiyam ta yi yawa a sashen Atlantika na arewa da ikwaita, ta yi ƙaranci a na kudu inda ƙurar ba ta cika zuwa ba.

Wannan tsari ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. A wasu sassa, kamar Tekun Arabiya da gabashin Fasifik, akwai wasu ƙwayoyi masu mai da taki iska, watau suna warware abin da waɗancan suka ƙulla, kuma arzikin teku ya dogara ga daidaituwar shiga da fita. Ƙura ma tana ƙaruwa tana raguwa: a tsibirin Barbados, inda ake auna ta tun 1965, an ga ta ƙaru ƙwarai a shekarun farin da ya addabi yankin Sahel daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Bugu da ƙari, muddin saman teku na ƙara ɗumi, gaurayuwarsa da ruwan ƙasa za ta ƙara wuya, kifaye kuma su ƙara dogara ga takin da ake kamowa daga iska.

Saboda haka bai kamata ɗalibanmu su ɗauka cewa ilmin teku na mutanen bakin ruwa ne kaɗai ba. Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, amma wani kaso na ƙurar da ke ciyar da tekun a kan Borno da Damagaram da Kano yake bi kafin ya isa can. Wanda ya ƙware wajen auna ta a nan gida yana da abin da zai gaya wa masana na duniya, hukumomin ilmi kuma ya dace su buɗe masa hanya.