Ginshiƙan Dutse na Turawan Fotugal a Gaɓar Afirka

A ƙarshen ƙarni na 15, matuƙan jirgin ruwa na Fotugal sukan bar Lisbon da duwatsu a cikin kayansu. Ginshiƙai ne na farar ƙasa da aka sassaƙa tun daga gida, kowanne da gicciye a kansa, da tambarin masarauta, da rubutun da ke bayyana sunan sarki da na jagoran tafiya da shekarar zuwansu. Suna kiran irin wannan ginshiƙi padrão. Da farko gicciyen katako suke kafawa, amma rana da ruwan sama suka riƙa cinye shi, sai Sarki João na Biyu ya ba da umarni a koma dutse.

Idan suka isa wani tsauni da ya kutso cikin teku, sukan sauka, su ɗauko ginshiƙin su kafa shi inda za a hango shi daga nesa, galibi su raɗa masa sunan wani waliyyin Kirista. Yana nuna wa na baya hanya. Amma babban aikinsa shela ce cewa wannan ƙasa ta shiga hannun sarkin Fotugal, alhali masu ƙasar suna nan, ba wanda ya nemi yardarsu.

Diogo Cão ya kafa ɗaya a bakin Kogin Kwango, ya kuma kafa wani a Cape Cross, cikin Namibiya ta yau, wajen 1486. Bartolomeu Dias ya kafa nasa a Kwaaihoek ta Afirka ta Kudu a 1488. Sai a 1938 wani mai suna Eric Axelson ya tono gutsattsarinsa daga cikin yashi. Na Vasco da Gama kuwa yana tsaye a Malindi ta Kenya, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gindinsa.

Labarin na Cape Cross ya fi ɗaukar hankali. A 1893 sojojin ruwan Jamus suka tumɓuke shi suka tafi da shi, daga baya aka dasa kwafinsa a wurin. Dutsen da aka kafa don mallake ƙasar wasu, shi ma sai ga shi an yi awon gaba da shi! Namibiya ta daɗe tana neman a dawo mata da shi, ita da ba ta gayyaci wanda ya kawo shi ba tun farko. A 2019 gidan tarihin Jamus da ke Berlin ya amince, aka mayar da ginshiƙin Namibiya.