Cannelloni

Cannelloni wani abincin ƙasar Italiya ne da ake yi da taliya mai faɗi wadda aka naɗe kamar bututu, a cusa mata haɗin nama ko na cuku da ganye, a lulluɓe ta da miya, sannan a gasa a tanderu. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci canna, wato kara mai rami a ciki, ma'anarsa kuwa "manyan karare". Kalmar jam'i ce. Guda ɗaya ana ce masa cannellone, sai dai ba kasafai ake jin wannan ba, tunda ba a zuba wa mutum guda ɗaya.

Yana cikin rukunin abincin da mutanen Italiya ke kira pasta al forno, wato taliyar tanderu. Bambancinsa da ravioli da tortellini, waɗanda su ma taliya ce mai haɗi a ciki, shi ne su a ruwa ake dafa su, shi kuwa a cikin tanderu yake ƙarasa nuna. A gidajen Italiya abinci ne na ranar Lahadi da ranakun biki, domin yana cin lokaci, kuma ana iya shirya shi tun jiya a gasa yau.

Asali

Gasa taliya tsohuwar al'ada ce a Italiya. Littafin girki na Liber de Coquina, wanda aka rubuta da Latin a farkon ƙarni na 14, ya kawo yadda ake yin lasagne: fallayen ƙullu da ake dafawa a jera su da cuku a tsakani. Babu tumatir a ciki, domin sai a ƙarni na 16 ya shigo Turai daga nahiyar Amurka, kuma ya daɗe kafin ya zama abokin cin taliya.

Ana yawan ambaton littafin Il cuoco galante na Vincenzo Corrado, wanda aka buga a birnin Napoli a shekarar 1773, a matsayin inda aka fara bayyana babbar taliya mai rami da aka cusa wa nama. Cannelloni a siffarsa ta yau ya yaɗu ne a ƙarni na 20. Akwai gidajen abinci a garuruwan Sorrento da Amalfi, duka a yankin Campania, da kowannensu ke cewa a ɗakin girkinsa aka ƙirƙiro shi.

Taliyar

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce sayen busasshen bututu na kamfani, mai tsawon kimanin santimita 8 zuwa 10 da faɗin kimanin santimita 2. A Italiya, dokar da aka kafa a 1967 ta tanadi cewa busasshiyar taliya da tsakin alkama mai tauri, wato durum, za a yi ta. Wannan alkama tana da furotin mai yawa, shi ya sa bututun ke riƙe siffarsa a cikin zafi ba ya rugujewa.

Ta biyu ita ce murza ƙullu a gida. Ma'aunin da aka sani a yankin Emilia-Romagna shi ne ƙwai ɗaya ga kowane giram 100 na fulawa. Ana cuɗa ƙullun na kimanin minti goma har ya yi laushi, a rufe shi ya huta rabin awa, a murza shi ya yi falle-falle, a yanka murabba'i mai tsawon tafin hannu. Ana tsoma fallayen a tafasasshen ruwan gishiri na minti ɗaya, a tsame a jefa a ruwan sanyi, a shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta. Idan aka ɗora su a kan juna sai su manne. Daga nan sai a zuba haɗin a gefe guda a naɗe kamar tabarma. Wannan hanya ta fi wahala, amma taliyarta ta fi laushi, kuma naɗewa ta fi cusa wa bututu sauƙi. Wanda ba shi da lokacin murza ƙullu yana iya amfani da fallayen lasagne na kanti.

Haɗin ciki

Haɗin da ya fi shahara shi ne ricotta da alayyafon Turawa. Ricotta farin cuku ne mai laushi, ma'anar sunansa "wanda aka sake dafawa", domin da ruwan da ya rage bayan an yi cuku ake yin sa: a sake ɗora shi a wuta har ya kusa tafasa, sauran furotin da ke ciki ya taso sama, a kwashe a tsane. Inda ba a samunsa, ana yin makamancinsa da madarar shanu. A ɗora lita ɗaya a wuta, idan ta kusa tafasa a sauke a zuba ruwan lemun tsami cokali biyu zuwa uku, a bar ta ta tsinke, a tace da ƙyalle. Alayyafon da ake nomawa a Afirka ta Yamma ba iri ɗaya ba ne da na Turawa, amma yana maye gurbinsa sosai in an cire jijiyoyin.

Ga abincin mutum huɗu, akan yi amfani da bututu 16 zuwa 20, wato kimanin giram 250, da ricotta giram 400, ɗanyen ganye giram 500, ƙwai ɗaya, gogaggen cuku mai tauri kimanin giram 80, gishiri, masoro da ɗan garin gyaɗar ƙamshi. Cukun da aka saba sa wa shi ne Parmigiano Reggiano, wanda ake yi a kewayen Parma, Reggio Emilia da Modena, kuma ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Aikin ƙwai shi ne ɗaure haɗin idan ya ji zafi, don kada ya zube lokacin da aka yanka.

A nan ne akasarin masu koyo ke kuskure. Ganye cike yake da ruwa. Bayan an turara shi na minti biyu ko uku, wajibi ne a bar shi ya huce, a dunƙule a hannu a matse shi ƙwarai, sannan a yayyanka. Rabin kilo na ɗanyen ganye kan koma ɗan curi da bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Ita ma ricotta, in tana da ruwa, a bar ta a rariya ta tsane. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ciro tire daga tanderu ya tarar da taliyar na iyo cikin koren ruwa, kuma babu gyara bayan nan.

Haɗi na biyu na niƙaƙƙen nama ne. Ana soya albasa da karas da seleri a man zaitun, a zuba naman a soya har ruwansa ya ƙone ya fara yin ja, a sa ɗan tumatir, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan. Idan ya huce sai a haɗa shi da cuku da ƙwai, wasu kuma su ƙara ɗan farar miya ko burodin da aka jiƙa a madara don kada ya bushe. Ba a cusa ɗanyen nama. A Italiya da Sifaniya ana yawan gauraya naman shanu da na alade, a kuma zuba ruwan inabi mai barasa lokacin suya, don haka wanda ba ya cin waɗannan ya kamata ya tambaya idan a gidan abinci ne. A gida kuwa naman shanu zalla, ko na rago ko kaza, da ɗan romo a madadin giyar, ya wadatar.

Wajen cusawa, cokali yana ɓata lokaci yana kuma fasa bututun. Abin da ya fi shi ne a zuba haɗin a leda mai kauri, a yanke kusurwarta, a matsa ta baki ɗaya har ya kai tsakiya, sannan a juya a cika ta ɗaya bakin.

Miya

Yawanci miya biyu ake haɗawa: ta tumatir a ƙasa, fara a sama. Ta tumatir ba ta da wuya, tafarnuwa ce da man zaitun da markaɗaɗɗen tumatir da ganyen basil, wanda dangin ɗoɗɗoya ne.

Farar miyar ita ce besciamella, wadda Faransawa ke kira béchamel, daga sunan Louis de Béchameil, wani jami'in fadar Sarki Louis na 14. Ana narka bota giram 40 zuwa 50, a zuba fulawa daidai nauyinta, a juya na minti biyu don warin ɗanyar fulawa ya fita, sannan a riƙa zuba madara rabin lita kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi. Idan aka juye madarar gaba ɗaya sai ta yi gudaji. Sitacin fulawar ne ke kumbura idan ya ji zafi, ya sa miyar ta yi kauri. Kaurin da ake so bai kai na koko mai kauri ba: ta rufe bayan cokali amma ta iya zuba.

Dalilin barin miyar da ɗan ruwa-ruwa shi ne busasshiyar taliya tana shan ruwa har nauyinta ya ninka kafin ta nuna. Bututun da aka cusa ba tare da an fara dafa shi ba, daga miyar zai sha wannan ruwa. Idan miyar ta yi kauri da yawa, ko kuma ba ta rufe shi duka ba, wurin da ya fito fili zai ƙeƙashe ya yi tauri. Wasu kamfanoni sukan rubuta a jikin kwalin cewa a fara dafa bututun na 'yan mintuna, wasu kuma a'a, don haka yana da kyau a duba.

Jerawa da gashi

Ana shafa miya a gindin tiren gashi don kada taliyar ta kama, a jera bututun sahu ɗaya, kusa da kusa amma ba a matse ba, tunda za su kumbura. Waɗanda aka naɗe da hannu ana kifa bakin naɗin a ƙasa. Sai a zuba sauran miyar a kai har ta rufe ko'ina, musamman bakunan bututun da ke gefen tire, a barbaɗa cuku.

Ana ɗumama tanderu tun kafin a sa, zuwa digiri 180 a ma'aunin Salsiyos. Busasshen bututu yana buƙatar minti 35 zuwa 40, taliyar da aka murza a gida kuwa minti 20 zuwa 25. A kashi biyu cikin uku na lokacin ana rufe tiren da takardar alminiyam domin tururi ya dafa taliyar, sannan a buɗe don saman ya yi ja. Wannan ja da ƙamshin da ke biyo shi sakamakon haɗuwar furotin da sukarin madara ne a cikin zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya faruwa a wurin da ke jiƙe da tururi. Ana gane ya nuna idan tsinin wuƙa ya shige taliyar ba tare da turjiya ba. Bayan an ciro, a bar shi minti goma kafin a raba, don cukun da miyar su kama jikinsu.

Rashin tanderu ba ya hana yin sa. Dabarar da ake gasa kek da ita a gidaje da yawa tana aiki: a zuba yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a bar shi ya yi zafi, a ɗora tiren a kai a rufe. Sai dai saman ba zai yi ja ba, sai an ɗora garwashi a kan murfin a mintunan ƙarshe.

Danginsa da yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Italiya ana cusa irin wannan haɗi a cikin conchiglioni, taliya mai siffar babban ƙwanso, da paccheri, gajeren bututu mai faɗi na yankin Campania wanda wasu ke jerawa a tsaye. Ƙwanson ya fi sauƙi ga mai koyo saboda bakinsa a buɗe yake, amma dole a fara dafa shi rabin dahuwa.

A Amurka, zuriyar 'yan Italiya da suka yi ƙaura suna yin manicotti, daga kalmar da ke nufin hannun riga. Bututunsa ya fi girma, yana da zane-zane a jiki, kuma akan cika shi da ricotta da mozzarella a rufe da miyar tumatir. A Ajantina da Uruguay, inda 'yan Italiya suka kwarara a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, ana kiransa canelones, kuma sau da yawa da siririyar wainar fulawa da ƙwai da madara ake naɗe haɗin a maimakon taliya.

Inda abincin ya fi samun gindin zama a wajen Italiya shi ne yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Ya shiga birnin Barcelona ne a ƙarni na 19 ta gidajen abincin da masu girki 'yan Italiya da Faransa ke riƙe da su, daga baya ya koma abincin gida. Canelons, kamar yadda suke kiransa, shi ne abincin ranar Sant Esteve, wato 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti. A al'adance naman da ya rage daga liyafar jiya ake niƙawa a cusa. Ba kamar na Italiya ba, naman gasasshe ne ko dafaffe kafin a niƙa shi, farar miya ce ta fi rinjaye, kuma taliyar fallaye ce masu kusurwa huɗu da ake naɗewa.

Ajiya

Abinci ne mai madara da ƙwai da nama, saboda haka yana saurin lalacewa. Shawarar hukumomin kula da lafiyar abinci a Amurka ita ce kada a bar irin wannan abinci a waje fiye da awa biyu, ko awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. A firji yana yin kwana uku zuwa huɗu, kuma idan za a ɗumama, zafin ya ratsa har tsakiya ya kai digiri 74. Tiren da aka jera ba a gasa ba ana iya kwana da shi a firji, ko a daskarar da shi a firiza. Wanda ya fito daga sanyi yana buƙatar ƙarin lokaci a tanderu, kuma tiren gilas ko na tangaran ba a ɗauko shi daga firiza kai tsaye zuwa tanderu mai zafi, domin yana iya tsagewa.