Siga da Salo a Baitocin Nasaba na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo

Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, ya tattara ƙasidunsa na Larabci a cikin Tazyinul Waraƙat a shekarar 1228 ta Hijira, daidai da 1813. Daga cikinsu akwai baitoci kaɗan da suka bayyana asalin Toronkawa da Fulani. Marubuta tarihi sun yawaita kafa hujja da su, amma ba a cika duba yadda aka gina su ba, alhali a ginin ne manufar mawaƙin take.

Ta fuskar aruli, baitocin suna bisa baharin Ɗawili, wanda Larabawa suka saba ɗora alfahari da labaran magabata a kansa. Tsawon ɗangonsa ya ba mawaƙin damar zuba sunaye da yawa ba tare da karin ya karye ba. Amsa-amon kuwa harafin ainu ne, kuma a gurbinsa aka ajiye sunan Bajjo Mango, uwar da ake danganta Fulani gare ta. Da haka sunan ajami ya zauna a mafi darajar wuri a baitin Larabci.

Ta fuskar balaga, abin da ya fi fitowa shi ne mura'atun naziri, wato jera kalmomin da suke gida ɗaya: kawunnai, 'yan'uwa, kaka, uwa. Toronkawa kawunnan Fulani ne, kuma 'yan'uwan Larabawa, domin an ce sun fito daga Rumu ɗan Isu, jikan Annabi Is'haƙa, su kuwa Larabawa daga Annabi Isma'ila. An kuma aro siffar reshe don bayyana wannan rabuwa, reshe kuwa ba ya tsayuwa sai da tushe, wanda a nan shi ne Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su. Kowace kalma tana ƙulla wata al'umma da wata.

Akwai kuma ijazi, wato taƙaitawa. An ambaci Uƙba a matsayin kakan Fulani ba tare da sunan mahaifinsa ba, malamai kuwa sun saɓa: ɗan Nafi'u ne, ko ɗan Amiru, ko ɗan Yasiru? Saboda haka baitin yana adana riwaya ne, ba ya yanke hukunci a kanta. Mai neman tsawon silsila sai ya koma ga zuben mawaƙin a Ida'un Nusukhi.

Wannan karatu yana da nauyi ga ɗalibai a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda rikicin manoma da makiyaya ya mai da maganar asali abin tsoro. Shehu Abdullahi ya yi shekaru yana raka yayansa Shehu Usmanu wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma masanin tafsiri ne da ya san aya ta 13 ta Suratul Hujurati, wadda ta sanya sanayya ta zama hikimar ƙabilu, taƙawa kuma ma'aunin daraja. Wanda ya ɗauki baitocinsa don ɗaga kai a kan maƙwabci ya haddace sunayen, amma bai karanta ginin ba.