Abin Da Ya Sa Damina Ta Sake Hali

Manoman Birnin Kudu da na Gwaram suna yawan tambaya, me ya sa ruwa ba ya zuwa yadda aka saba? Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, ga kuma ambaliyar 2022 wadda ta cinye gonaki da yawa a Jihar Jigawa. To, ga yadda al'amarin yake.

Kowa ya san duwatsun Birnin Kudu. Da rana sai su sha zafi, da dare su riƙa fitar da shi. Haka ƙasa duka take yi. Amma cikin iska akwai wani irin hayaƙi da ido ba ya gani, masana na kiransa kabon. Shi ke tare wani kashi na zafin nan, kamar bargo. Ba domin shi ba, da sanyi ya hana noma a duniya.

Sai dai bargon ya yi kauri. Kafin Turawa su soma ƙona gawayin ƙasa a masana'antu, cikin kowane mudu miliyan na iska, mudu 280 ne kabon. A 2024 ya wuce 420. Fetur da gas da saran daji su suka ƙara shi. Saboda haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1.

Kada ku raina digiri guda. In iska ta ƙara zafi da digiri 1, takan iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100. Watau ta tsotse gona da sauri, sa'an nan in ta tashi zubarwa ta zubar gaba ɗaya, ya yi zaizaya, ya tafi da taki.

Galibin hayaƙin nan daga manyan ƙasashe yake fitowa, irin su Sin da Amurka, amma gonarmu ita ke shan wahala. Don haka kada a yi garajen shuka da ruwan fari, a jira ƙasa ta jiƙu sosai. A nemi irin gero da wake mai saurin nuna. A yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. A bar ƙona kara, a bar gawo a gona. Mai bukatar ƙarin bayani ya nemi malamin gona na yankinsa tun kafin shuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.